Harajin Gida a Legas: Ka Biya da Wuri Ko Ka Ɗaukaka Ƙara?

'Yan'uwanmu masu gidaje a Agege sun sha tambayata: in takardar Land Use Charge, wato harajin fili da gida na jihar Legas, ta iso da kuɗi mai nauyi, wace hanya za a bi?

Biya da wuri ba wahala, akwai ma rangwame. Sai dai in an ƙiyasta darajar gidanka fiye da kima, ka ɗauki nauyin ke nan, baɗi ma haka.

Ɗaukaka ƙara gaban kwamitin sauraron ƙorafi kuwa sai da haƙuri. Wa'adin gajere ne, za ka fara ajiye wani kaso na kuɗin, sannan ka kawo hujja: awon fili, hotuna, rahoton ƙwararren mai ƙiyasi, wanda shi ma kuɗi ne.

In bambancin kaɗan ne, biya ka huta. Wanda aka rubuta gidan zamansa a matsayin na kasuwanci kuwa, kada ya yi shiru.