Mayar da Hilux da Prado kan gas ɗin girki a Sakkwato: aikin hannu ya yi, sauran lissafi

Gas ɗin da ake magana a nan ba dizal ba ne, duk da cewa a bakin direbobinmu "gas" sunan dizal ne. Ba kuma CNG ba ne, wanda gwamnatin tarayya ta fi tallatawa tun bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023. Gas ɗin girki ne, LPG, irin wanda ake ɗurawa a tukunya a kai gida. CNG iska ce da ake matsawa har bar 200 a ma'aunin matsi, tukunyarsa ga kauri ga nauyi, kuma bututun iskar gas na AKK mai kilomita 614 da aka tsara daga Ajakuta, Kano ce iyakarsa, bai nufo Sakkwato ba. LPG kuwa ruwa ne a cikin tanki, matsinsa bai kai kashi ɗaya bisa goma na wancan ba, kuma wuraren ɗura shi sun yawaita cikin gari. Shi ya sa mai mota irin Hilux ko Prado a nan ya fi karkata gare shi.

Garejin da aka duba aikinsa yana gefen titin baifas, motocin kuma biyu ne: Hilux mai filogi huɗu, injin 2TR-FE lita 2.7, da Prado ta 2007 mai filogi shida, injin 1GR-FE lita 4.0. Aikin Hilux ya fita tsaf. Na Prado sai da aka koma aka sake rabinsa, kuma a nan ne abin koyo yake.

Abin yabo na farko shi ne ba sa karɓar kowace mota. Mai dizal ana sallamarsa tun daga ƙofa, domin injin da ba shi da filogi ba zai kunna gas shi kaɗai ba. Sabbin injinan da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda su ma kayansu daban ne. Wadda aka karɓa kuma, kafin a taɓa dirila sai an auna kwamfireshin, wato matsin cikin silinda, an duba filogi da kwayil da lagireto. Gas ya fi fetur wuyar kamawa, saboda haka kwayil ɗin da ke lallaɓawa a kan fetur, ranar da aka juya shi kan gas zai tona asirin kansa: mota ta riƙa tari tana fizga. A Hilux ɗin sun sa sabbin filogi, sun matse bakinsu zuwa milimita 0.8. Daidai ne.

Kayan da suke sawa irin na zamani ne, mai injekta ɗaya ga kowace silinda da ƙaramin birenbos nasa, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, da ke bin umarnin na motar. Sunayen da za ka gani a kwali su ne irin su Lovato, BRC da Tomasetto na Italiya, Stag da KME na Folan, Atiker na Turkiyya. Tsohon salo mai zobe a bakin iska ya fi araha nesa ba kusa ba, amma kada ka yarda a sa maka shi a waɗannan motoci. Yana cika manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, da gaurayen gas da iska, wuta ɗaya ta dawo baya sai ka ji dum, manifol ɗin 2TR kuwa na roba ne, tarwatsewa yake yi.

Wajen huda manifol ne ake gane gwani. A Hilux ɗin sun kwance shi gaba ɗaya, sun huda a kan tebur, sun yanka zaren M6, sun hure ɓarɓashin, sannan suka ɗaura nozul huɗu dab da injektocin fetur, duk suna kallon bawul a kusurwa ɗaya. Tiyo huɗun da suka taso daga injektocin gas tsawonsu ɗaya, kowanne bai wuce tafin hannu da ɗan yatsa ba. Mai gaggawa yakan huda manifol yana kan inji, ɓarɓashi ya faɗa ciki, ko ya bar tiyo ɗaya ya ninka ɗan'uwansa tsawo, mota ta riƙa rawa a silo ana ta neman dalili a wani wuri.

Tankin Hilux doguwar tukunya ce mai lita 80, an shimfiɗa ta bayan gidan direba, an ɗaure da maɗaurin ƙarfe biyu masu roba a ciki, notika sun ratsa bodi da faranti a ƙasa. Babu walda a jikin tankin, kuma bai kamata a yi ba. A jikinsa akwai farantin da ke ɗauke da lambar 67R, wato shaidar cika ƙa'idar tankin gas na mota, da shekarar ƙira. Ka duba wannan da idonka, domin tankin da ya shekara 10 gwaji yake buƙata ko canji, kuma tsofaffin tankunan da aka ciro daga motocin Turai fenti kawai ake yi musu su koma kamar sababbi. A bakin tankin akwai bawul mai aiki da yawa: yana yanke ɗuri idan an kai kashi 80 cikin ɗari, yana rufe kansa idan bututu ya tsinke, yana kuma sakin matsi idan ya yi yawa. Wannan kashi 20 da ake bari ba rowa ba ce. Ruwan gas kumbura yake yi idan ya ji zafi, a garin da Afrilu ke haura digiri 40 kuwa, motar da aka cika wa tanki maƙil da asuba aka ajiye ta a rana, kafin azahar ta shiga hatsari. Mai ɗuri yakan ce, "Alhaji, a girgiza ta, za ta ƙara ci." Kada a girgiza. Aibi ɗaya a nan shi ne ba su yi wa tankin murfi ba, ga rana ga kayan da ake jefawa bayan akori-kura. Murfin langa-langa mai ramukan shan iska ya wadatar.

Nan ne wurin faɗin abin da wasu ke yi na ɗaure tukunyar girki mai kilo 12.5 a bayan mota da tiyon roba, kamar yadda ake yi wa janareto. Ba ta da mai yanke ɗuri, ba ta da mai rufewa idan tiyo ya fita, ga gargada. Gas ɗin ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasan mota yake kwanciya yana jiran tartsatsi. Wannan ba juyi ba ne, ganganci ne.

A Prado tankin mai siffar taya ne, an sa shi a gurbin safaya ta ƙarƙashi, safayar ta koma cikin but ta cinye wuri. Sun kyauta da suka tabbatar bai sauko ƙasa da aksul ba, amma da farko babu farantin kariya. Motar da za ta bar kwalta ta shiga burji da kwazazzabai wajen Tangaza ko Gada, ko ta bi fadamar Goronyo da damina, dole a yi mata faranti mai kauri kamar milimita 3 a ƙarƙashin tankin, a kuma bi da bututu ta cikin shasi, kilif kowane rabin mita, nesa da salansa da aƙalla santimita 10.

Babban kuskuren yana wajen rediyusa, wato na'urar da ke mayar da ruwan gas iska ta rage matsinsa zuwa kamar bar 1.2. Injin 1GR na wancan zamani yana ba da ƙarfin doki kusan 240. Rediyusar da suka fara sawa ta doki 180 ce, bututun jan ƙarfen kuma mai milimita 6. Cikin gari, daga Gawon Nama zuwa Arkilla, babu wanda zai ce akwai matsala. Amma da an sa giyar taimako a cikin rairayi, ko an taka totur don wuce tirela a hanyar Illela, sai matsi ya faɗi, makunnin da ke juya mota tsakanin gas da fetur ya yi ƙara, mota ta koma fetur da kanta. Komawar ma rahama ce. Abin tsoro shi ne ɗan tsakanin da inji ke aiki da gas kaɗan iska da yawa, domin a nan zafi ke hawa ya ƙone bawul. Da aka sa rediyusa ta doki 300 da bututu mai milimita 8, matsalar ta wuce. Ƙa'idar ita ce rediyusa ta fi ƙarfin injin, ba ta yi daidai da shi ba.

Akwai wani abu kuma da ya shafi irin gas ɗinmu. Na girkin da ake sayarwa a ƙasar nan butan ya fi furofan yawa a cikinsa, butan kuwa matsinsa kaɗan ne. Da bazara babu damuwa. Da sanyin safiyar hunturu, musamman idan tanki ya kusa ƙarewa, matsin kan yi ƙasa har ya kasa ciyar da babban inji. Bututu mai faɗi yana rage wannan, haka ma rashin barin tanki ya yi ƙasa sosai a watannin Disamba da Janairu.

Rediyusa da ruwan lagireto take ɗumama, kuma a nan al'adar garejinmu ke cin karo da aikin. Yawancin motocinmu an cire musu tamostat da sunan maganin zafi, an toshe tiyon hita, ana zuba ruwan rijiya. Mota kan tashi da fetur ne, sai rediyusa ta kai digiri 30 zuwa 35 sannan ta juya kan gas. Idan babu tamostat, da hunturu za ka yi tafiya mai nisa kana ƙona fetur kana zaton gas kake sha. Idan kuma ruwa ba ya zagayawa sosai, rediyusa kan yi ƙanƙara, farin raɓa ya lulluɓe ta a tsakiyar zafin Sakkwato, mota ta mutu. Ruwan rijiya kuma yana tara tsatsa da gishiri a ƙananan hanyoyin cikinta. Garejin sun mayar wa Prado tamostat sun zuba kulan na gaskiya, wato ruwan sanyaya inji, amma sai a zuwa na biyu. Da tun farko suka yi.

Saiti da kwamfuta shi ne rabin aikin, kuma nan ma an yi sakaci da farko: an saita a tsaye, a silo, aka miƙa makulli. Saitin kirki sai an hau titi, mutum ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe da kwamfuta, a bi giya-giya, da esi a kunne, a taka har ƙasa. Abin da ake nema shi ne gyaran man da birenbos ɗin motar ke yi a kan gas ya zo daidai da na fetur, bambancin kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari. Idan ya yi yawa, fitilar cek na iya kamawa, kuma aikin mota zai rikice ko a kan fetur. Ka nemi a nuna maka lambobin a allo, ka kuma nemi a fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa kana tsaye.

Maganar bawul ta bambanta tsakanin motocin biyu. Na 2TR da kansa yake daidaita tazararsa da matsin baƙin mai. Na 1GR na farko ba ya yi, kuma gas busasshe ne, yana cin mazaunin bawul a hankali har tazarar ta rufe. Alamar ita ce rawa da safe da raguwar ƙarfi. A auna tazarar kowane kilomita 30,000 zuwa 40,000, a kuma sa kwalbar man kare bawul, wadda ke ɗiga kamar mililita 1 ga kowace litar gas. Filtar gas ta canzu duk kilomita 10,000, a tsiyaye baƙin man da ke taruwa a rediyusa, filtar iska kuma da hunturu kada a jira lokacinta. Tankin fetur kada ya gaza kwata, domin famfon mai yana ci gaba da juyawa kuma fetur ne ke sanyaya shi.

Saura kuɗi, inda mutane da yawa ke ruɗewa saboda fetur da lita ake sayarwa, gas kuma da kilo. Kilo ɗaya kusan lita 1.8 ne, kuma mota ta fi shan gas da kamar kashi 20 cikin ɗari. Idan an haɗa, aikin litar fetur ɗaya yana cin kusan kilo 0.7. To ka ninka farashin kilo da 0.7, ka gwada da farashin lita. A ɗauka, don misali kawai, fetur naira 1,000 ne, kilo kuma 1,100. Gas ya tashi 770, ragin 230 ke nan a kowace lita. Hilux mai shan lita 13 a kilomita 100 za ta rage kusan naira 3,000, mai yin kilomita 2,000 a wata ya tsira da kamar 60,000, ban da ɗan fetur ɗin tashi. Aikin da ya ci 900,000 sai ya yi wata 15 kafin ya biya kansa. Idan kilo ya hau 1,400 fetur bai motsa ba, riba ta tafi. Gas ɗin da ke zuwa Sakkwato a tanka yake tahowa daga Kudu, kuɗin dakon yana kan kilo, kuma farashinsa na hawa da sauka ba tare da ya jira na fetur ba. Mai zirga-zirgar Birnin Kebbi ko Gusau kowane mako zai ga amfanin. Wanda motarsa daga gida sai ofis sai masallacin Juma'a, ya bar kuɗinsa a aljihu.

Tanki mai lita 80 yana ɗaukar lita 64, kusan kilo 36, wato tafiyar kilomita 400 a Hilux. Amma ba kowane mai sayar da gas ke iya ɗura wa mota ba. Mai sikeli da 'yan tukwane a shago ba zai iya ba, sai wurin da ke da famfo da mita da bakin da ya dace da naka. Bakunan ɗuri kala-kala ne, kayan Italiya da nasu, wasu da na zare. Garejin sun ba da adafta ɗaya kawai. Kafin ka biya kuɗin aiki, ka ɗauki adaftan ka je wurin ɗurin da kake sa ran zama abokin cinikinsa, a gwada shi a bakin famfonsu, ka kuma sayi na biyu ka ajiye a aljihun mota.