Keken ƙarƙashin tebur: ra'ayina bayan ya zauna a ofishina

Abin na motsa jiki ne a zaune, kuma ba wani babba ba ne. Ƙarfe ne mai ƙafafu a baje, da feda biyu irin na keke, kowace da maɗaurin roba, sai wani maballi a tsakiya da ake murzawa idan ana so tuƙin ya yi tauri ko ya yi laushi. Ba shi da sirdi, kujerar ofis ɗinki ce sirdin. A samansa akwai ɗan allo mai batiri da ke nuna mintoci da yawan juyi. A wani shagon kayan wasanni da ke titin Ahmadu Bello na saye shi, kuma tunda kuɗin irin waɗannan kaya dala yake bi, ki leƙa shago biyu ko uku kafin ki taya.

Ni akanta ce. Daga Arkilla nake fitowa, a mota, in zauna gaban kwamfuta tun safe har bayan La'asar. Ƙarshen wata kuwa, lokacin haɗa takardun albashi, sai Magariba ta same ni a kujera. Kafin in tashi ƙafa ta kumbura, takalmin da na sa da safe ya matse, ƙugu yana min tsiya. Kowa ya ji sai ya ce ki riƙa tattaki. To, a Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, zafi na wuce digiri 40, wa zai fita tattaki da rana tsaka? Maza suna da sauƙi, bayan Asuba sai su nufi filin wasa na Giginya ko su bi gefen titi. Mace mai shirya yara makaranta da ɗora abin kari ba ta da wannan sararin, balle a zo ga 'yan sa ido na unguwa.

Babban abin da ya sa na zaɓe shi a kan injin gudu shi ne ba ya shan wuta. A ɗauke, a kawo, janareta ya ƙi tashi, shi dai ba ruwansa. Kuma yana ɓuya ƙarƙashin tebur, wanda ya shigo ofis daga ƙirji zuwa sama kawai yake ganinki. Baban da ke mana masinja ne ya fara gano ni, don ya ga kafaɗata na ɗan rausaya. Ya tsaya da fayil a hannu ya ce, "Hajiya, mi kika yi ƙarƙashin tebur? Ko ɗumki kika koma?" Na ce, "Baba, keke nika tuƙi, Wamakko za ni." Ya ce, "To, Allah shi kai ki lahiya."

Amma fa yana da halinsa, kuma mai shago ba zai faɗa miki ba. Na farko, a kan tayil zamewa yake. Kina turawa yana gudu gaba, kujera mai taya tana gudu baya, sai ki ga kin yi nisa da kwamfuta. Guntun kafet na shimfiɗa masa, na jingina shi da katakon gaban tebur, kujerar kuma na musanya da mai ƙafa huɗu. Gwiwa ma tana bugun ƙasan tebur, musamman in akwai durowa a tsakiya. Sai da kafinta ya sa wa teburina guntayen katako a ƙarƙashin ƙafafu kafin na samu sakewa.

Wanda ya fi damuna shi ne tufafi, don wanda ya ƙera abin nan bai yi tunanin mai zane ko abaya ba. Bakin zane yana sauka daidai inda hannun fedar ke juyawa, ya naɗe shi. Akwai wata atamfata da ya ci wa baki, har yanzu da tabon baƙin mai a jiki. Yanzu dogon wando nake sawa a ciki, in tattare rigar in ɗora a cinya kafin in fara. Irin nawa mai arha ne, wanda taurinsa na gogayya ne, maballin yana matse ƙarfen da ke juyawa. Saboda haka in an daɗe ana tuƙi ƙarfen yana zafi sosai, kada a bar yaro ya taɓa in a gida ne. Da hunturu ya shigo ƙura ta shiga masa, ya soma ƙyaƙ-ƙyaƙ har abokiyar zamana ta fara harara, sai da na goge shi na ɗiga man keken ɗinki a gindin fedojin. Akwai mai aiki da maganaɗisu, ya fi nauyi, ya fi shiru, ya fi tsada. Wadda ke zama ofis ɗaya da mutane, shi ya kamata ta nema.

Ɗan allon nan yana kuma nuna wai yawan kitsen da aka ƙona. Kada ki ɗauki wannan lissafin da muhimmanci, bai san nauyinki ba, bai san yadda kika murza maballin ba. Mintocin kawai nake dubawa. Duk mai son sayensa don ya narkar da teɓa, alhali masa da fura da lemon kwalba suna nan yadda suke, ta adana kuɗinta.

Amfaninsa a wani wuri yake. Naman sha-raɓa shi ke taimakon tura jini daga ƙafa ya koma sama, in aka bar shi a sandare awanni sai ruwa ya taru a idon sawu. Tun da na fara juya fedar nan kumburin yamma ya ragu ƙwarai, wannan kam na gani da idona. Sannan naman jiki in yana aiki yana jan sukari daga cikin jini, shi ya sa na fi son tuƙi bayan abincin rana, lokacin da gyangyaɗi ke sallama. Illar dogon zama ba sabon labari ba ce. Tun 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin bas masu bene na Landan da kwandastocinsu, ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin da ke yini a zaune fiye da masu hawa da sauka suna karɓar kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da aikin ƙarfafa naman jiki kwana biyu, ya kuma rage zama. Matsakaici shi ne wanda numfashi zai ɗan ɗaga amma ana iya magana. Gaskiya tuƙin da nake yi ina duba fayil bai kai nan ba, sai in na ƙara tauri na ajiye biro.

Kuma ba kowane aiki yake tafiya da shi ba. In ina shigar da alƙaluma, ƙafa tsayawa take da kanta, hankali ba ya rabuwa biyu a kan kuɗin mutane. Inda yake shiga shi ne lokacin waya, karatun takardu, da zaman jiran intanet ya dawo, wanda a ofishinmu ba kaɗan ba ne. Ciwon ƙugun kuma bai taɓa shi ba, tunda har yanzu a zaune nake. Wannan sai miƙewa: alwalar Azahar da La'asar, da kai fayil ofishin sama da ƙafata maimakon in aiki Baba.

Na ba shi yabo, da sharaɗi. Mai ciki, ko mai ciwon gwiwa ko zuciya, ta fara jin ta bakin likita. Sauran kuma a auna tsayin tebur daga ƙasa kafin a je shago, a ce mai shago ya haɗa shi, a zauna a kujera a juya a gabansa, a ji ko yana ƙara ko yana girgiɗi. A duba maɗaurin ma, don takalmi mai tsini ba ya zama a kan fedar, silifas kuma suɓucewa yake. Kambas nake ajiyewa a durowar ƙasa saboda shi.