Children of Blood and Bone: ya cancanci kuɗinsa, amma ba na ƙananan yara ba ne

Masu tambaya ko su saya wa yaransu wannan littafin na Tomi Adeyemi, ga ra'ayina. Ya fito ne a 2018, da Turanci yake, kuma katoto ne gaskiya, shafi sama da 500, in yaronka ba mai haƙurin karatu ba ne zai ajiye shi tun a hanya.

Labarin wata yarinya ce Zélie a ƙasar Orïsha, inda Sarki Saran ya sa aka karkashe duk masu tsafi a dare ɗaya har da mahaifiyarta. 'Ya'yansu da suka rage da farin gashi ake gane su, ba dama su ɓuya. Nan ne littafin ya burge ni wallahi, don zaluncin bai tsaya a takobi ba, haraji ake ta lafta wa iyalansu, wanda ya kasa biya a ja shi aikin bauta, dogarai su tare yarinya su kira ta tsutsa ba mai cewa uffan, sannan a fada ma hasken fata ake yayi, ita kanta gimbiya Amari uwarta ta hana ta sakat don ta ɗan yi duhu. Yarinyar da aka taɓa yi wa gorin baƙi za ta gane wannan ba sai an yi mata bayani ba.

Marubuciyar 'yar asalin Najeriya ce da aka haifa a Amurka, kuma a bayaninta na ƙarshen littafin ta faɗa ƙarara cewa kisan da 'yan sandan can ke yi wa baƙaƙen fata ne ya sa ta rubuta, ta ambaci Tamir Rice, ɗan shekara 12 da aka harbe a 2014. To ka ga ciwon na Amurka ne, kayan Yarbawa aka sa masa. Shi ya sa za ka ga Ilorin a bakin teku ana kamun kifi, ni dai dariya na yi.

Soyayyar Zélie da yarima Inan kuwa ba ta shige ni ba sam. Ɗan sarkin da ya kashe uwarki, jiya yana farautarki yau kuma ana kallon ido? Haba.

Akwai azabtarwa da jini sosai, ni ɗan ƙasa da 14 ba zan ba shi ba. In kuma gidanku ba a son zancen gumaka da tsafi, ku sani shi ne ƙashin bayan labarin tun kafin ku biya.