Kwana shida da iyali a otal ɗin bakin teku a Zanzibar

Inna ta haura shekara saba'in, kuma ruwa mafi girma da ta taɓa tsayawa a gabansa shi ne kogin Haɗeja idan ya yi ambaliya. Ko da ta je Hajji, ta tagar jirgi kawai ta hango Bahar Maliya. Ta sha faɗa mini cewa tana son ta taɓa ruwan teku da hannunta kafin ta koma ga Allah. Ni kuwa sana'ata riɗi da zoɓo, a wani ƙauye kusa da Gumel nake zaune, kasuwata Maigatari ce ranar Alhamis. Da kaka ta yi kyau, na sallami kaya, sai na ce lokacin cika mata wannan buri ya yi. Mu shida muka tafi a watan Janairu: ni, uwargida, Inna da yara uku.

Zanzibar na zaɓa don yawancin mutanenta Musulmi ne, ba zan riƙa tambayar wa ya yanka naman ba. Tsibiri ne a gabashin Afirka, cikin ƙasar Tanzaniya tun haɗewarsu a 1964. Biza ce ta fi ba mu wahala, domin mai fasfon Najeriya ba a buga masa ita a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida ya jira amincewa. Kada wanda ya sayi tikiti kafin tasa ta fito. Akwai katin rigakafin shawara, akwai kuma inshorar dole da gwamnatin tsibirin ta fara karɓa a Oktoban 2024, dala 44 a kan babban mutum. Daga Kano muka tashi, muka sauya jirgi a Adis Ababa, muka sauka a filin jirgin Abeid Amani Karume. Agogonsu yana gaban namu da awa 2. Mun baro gida cikin rigar sanyi da hazo, muka tarar da zafi mai ɗanko, irin wanda gumi ba ya bushewa.

Otal ɗin yana gabar gabas, wajen ƙauyen Paje, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci daga filin jirgi. Ba zan kama sunansa ba. A waya an yi mini alkawarin ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, don Inna ta kwana da 'yan matan, mu kuma muna jin motsinta. Da muka isa, ɗaya a ƙasa, ɗaya a bene can wani gini dabam. Tsohuwa mai ciwon gwiwa aka ce ta hau matakala. Na nuna musu saƙon da suka turo mini, suka ce otal ya cika. Sai a kwana na biyu aka daidaita mu, bayan na yi ta sintiri wurin masu karɓar baƙi har sau huɗu. Ɗakunan kansu ba laifi: gado mai gidan sauro, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, wuta ba ta ɗauke mana ba ko sau ɗaya. Sai dai babu buta a banɗaki, kuma ruwan famfon yana da ɗan gishiri-gishiri. Uwargida ta zo da buta a jakarta, Allah ya saka mata.

Washegari da hantsi na riƙo hannun Inna muka fito don ta ga abin da ya kawo mu. Babu teku. Farin rairayi ne shimfiɗe har inda ido ya ƙare, da 'yan kududdufai nan da can, da kwale-kwale a kwance a kan yashi kamar an yar da su. Ruwan yana can nesa, wani siririn layi mai kumfa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don hoton da na gani a intanet ruwa ne shuɗi har gindin bishiyar kwakwa. Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari, sai ta ce, "Kai wannan, ina ruwan ya tafi?"

Wani ma'aikaci mai shara ne ya yi mana bayani, abin da ya kamata otal ɗin ya rubuta tun a tallarsa. A wannan gabar teku tana janyewa sau biyu a yini da dare, ta kuma dawo sau biyu, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Wata ne ke jan ta, shi ya sa janyewar ta fi tsanani a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Ya ce wanda ke son ruwa a ƙofarsa ko da yaushe, arewacin tsibirin zai nufa, wajen Nungwi ko Kendwa. Da na san haka tun farko da can na kama ɗaki. Yanzu kuwa ina godiya da ban sani ba, saboda abin da na gani a wannan fili da ruwa ya bari.

Mata ne, gwammai, sun ɗaura atamfarsu da suke kira kanga, suna zaune cikin ruwa iya ƙugu ko iya gwiwa. Na matsa kusa sai na ga gona ce sosai. Sun kafa turaku a jere, sun ja igiya daga turke zuwa turke kamar kunya, a jikin igiyar sun ɗaɗɗaure 'yan rassan wata ciyawar teku da suke ce wa mwani. Ba taki, ba ban ruwa, ba huɗa. Bayan kamar sati shida sai su tsinke, su bar iri, su cika buhu su ɗora a ka zuwa tudu, su shanya. Tun wajen 1989 aka fara wannan noma don sayarwa a Paje da Jambiani. Ana auna busasshiyar a sikeli, a fita da ita ƙasashen waje, a tace wani sinadari mai sa kauri da ake zubawa a man goge baki da askirim. Na tsaya kan wata dattijuwa tana ɗaure iri, yatsunta duk sun yi fari sun tattare saboda gishiri. Ta hannun wani yaro mai jin Turanci na tambaye ta wa ke yanka farashi. Ta nuna teku da haɓa, wato masu saye na can ƙetare. Jikina ya yi sanyi, don haka riɗinmu yake: manomi ya sha rana, ya yanke, ya kafa bukka, ya kakkaɓe, amma kuɗin buhu daga wata ƙasa ake aiko shi. Kullum da safe nan nake zuwa, ya fi mini kujerar kwanciya ta bakin otal sau goma.

Da la'asar ruwan ya dawo, a hankali, yana cike kududdufai ɗaya bayan ɗaya. Inna ta tsaya da hijabinta, ya zo ya rufe mata idon sawu. Ta sunkuya ta ɗiba a tafin hannu, ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya zuba wa wannan gishiri." Ta daɗe a tsaye tana tasbihi, ba wanda ya yi mata magana.

Inda na yi asara shi ne tsarin biyan kuɗi. Na ɗauki wanda ake biya dunƙule, kwana da ci da sha duka, ina ganin sauƙi ne ga mai yara. Ashe babban rabon wannan kuɗi na giya ne, ga Turawan da ke yini a bakin kwamin wanka da kofi a hannu. Mu da ba mu sha, mun biya wa wasu. Abin da ya ƙara ɓata mini rai, ruwan ɗanyar kwakwa da lemon da ake matsewa nan take ba sa cikin lissafin, sai ka sake biya. Ranar tafiya kuma aka miƙo mini takardar harajin kwana da gwamnati ke karɓa a kan kowane baƙo. Harajin halas ne, ban ƙi ba, amma ai sai a faɗa wa mutum tun ranar da ya kama ɗaki.

Abincin kansa, rabi na Turawa ne, ganye ɗanye da taliya ba yaji. Ɓangaren 'yan ƙasa ne ya cece mu: shinkafar pilau mai ƙamshin kanumfari, kifi gasasshe da aka kamo a ranar, wake da madarar kwakwa, da ugali wanda tuwon masara ne sak, sai dai ya fi namu tauri. Inna ta zo da kuka da daddawa da yajinta. A kwana na uku uwargida ta roƙi mai dafa abinci, wani mutumin tsibirin Pemba mai fara'a, ya ba ta gefen murhu ta kaɗa miya. Ya tsaya yana kallo, ya ɗanɗana, ya nemi a bar masa sauran kukar. Ya ce su ma suna da bishiyar, 'ya'yanta suke sarrafawa su yi alewa. Irin wannan kirki na ƙananan ma'aikata shi ne abin da ya fi komai kyau a otal ɗin, kuma ba ya cikin abin da suke tallatawa.

Babu alamar alƙibla a ɗaki, babu darduma. Daren farko na fuskanci gabas yadda na saba, sai mai gadi ya gyara mini: daga Zanzibar Makka tana arewa ne, kusan kai tsaye. Masallacin ƙauye bai fi tafiyar minti goma ba. Shafi'awa ne, a sallar asuba liman yana ƙunuti a bayyane bayan ruku'u, jama'a na ɗaga hannu suna amin. Kunnena ya riƙa tsintar kalmomi: asubuhi, Alhamisi, Ijumaa, dunia, habari. Ban ji baƙunta a sahu ba ko kaɗan.

A cikin otal ne na ji ta. Kwamin wankan ɗaya ne, maza da mata a haɗe, da shigar da ba zan so 'ya'yana su saba gani ba. Babu wani lokaci da aka ware wa mata. Uwargida da babbar 'yarmu sai bayan sallar asuba suke shiga teku da dogayen riguna, in an yi sa'a ruwa yana nan. A tsibirin da matan ƙauye ke lulluɓe kamar namu, ware awa ɗaya ga iyalai irinmu ba zai gagari otal ba. Na rubuta musu haka a takardar jin ra'ayi.

Autanmu mai shekara bakwai ya taka wani abu mai ƙaya kamar bushiya da ke ɓuya a cikin duwatsun ruwa. Ƙayoyin suka karye a diddigensa, yana ihu, "Baba, ƙafata!" Wani mai kwale-kwale ya ɗauko shi a kafaɗa har tudu, ya yanko ɗanyar gwanda ya shafa masa ƙaronta, daga baya ma'aikaciyar jinyar otal ta wanke ta duba. Kwana biyu yana ɗingishi. A nemi takalmin roba mai rufe ƙafa ga kowane yaro kafin a bar shi ya shiga.

Yini ɗaya muka ware wa tsohon gari, Stone Town, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Lunguna ne matsattsu kamar na cikin birnin Kano, da ƙofofin katako masu sassaƙa. Mun shiga inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, muka leƙa ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, yaran suka yi tsit. A gonar kayan ƙamshi kuma Inna ta ga kanumfari a jikin bishiyarsa, ita da ta shekara sittin tana saye a ƙulle a leda. Direban da muka samu a ƙauye ya kai mu a kan kusan rabin kuɗin da otal ya nema.

Idan Allah ya sake nufa, tsibirin zan koma, amma ba wannan otal ba kuma ba wannan tsari ba. Zan nemi ƙaramin masauki a bakin ruwa, kwana da karin kumallo kawai, a rubuta mini lambar ɗakuna kafin in biya, sauran abinci mu ci a ƙauye. Zan kauce wa Maris zuwa Mayu, lokacin damina mai ƙarfi a can. Inna ta dawo da ruwan teku a gorar roba, yana nan a kan kantarta kusa da kwalla, duk maƙwabciyar da ta shigo yi mata barka da dawowa sai ta ɗiga mata a harshe.