Bakin USB na shan wuta kawai: wanne za ka saya, kuma ina za ka kai fara da koriya?

Masu haɗa fitilar caji da ƙananan fankoki sun yawaita a garuruwanmu, daga Ɗambatta har Ringim, kuma kusan kowa ta USB yake shigar wa kayansa wuta, tunda kan caji da fawa bank sun shiga ko'ina. Da an feɗe igiya sai a tarar da waya huɗu. Ja ita ce volt 5, baƙa negetif. Fara da koriya kuwa, wato D− da D+, ta cikinsu na'ura take magana da kwamfuta. Idan bod ɗinka, wato allon da aka liƙa kayan lantarkin a kansa, wuta kawai yake sha, ka ƙyale su, kowace ita kaɗai, a naɗe da salatif. Kada ka jona su da ja, kada ka kai su negetif, kada ka ƙulle su da juna.

Ga dalili. Kan caji mai Quick Charge, wato fasahar saurin caji, ta waɗannan layuka biyu yake sauraron buƙatar wayar hannu. In ya ga irin wutar da yake jira a kansu, yana iya ɗagawa daga volt 5 zuwa 9 ko 12, bod ɗin da aka yi wa 5 kuwa sai dai ka ji ƙauri. A bar su a sake, a 5 zai tsaya. Ita ma kwamfuta layukan datanta a volt 3.3 suke aiki, tura musu 5 neman ɓarna ne.

To wane baki za ka ɗauko idan ka shiga Farm Centre ko Sabon Gari?

Micro-USB shi ne mai araha, kuma ba ya neman komai: ƙafa biyar, ka ɗauki ta farko da ta ƙarshe, ka bar ukun tsakiya. Aibinsa shi ne saurin ɓallewa daga bod idan yara suna cusa igiya a juye. Fitilar da za ta zauna a hannun 'yan makarantar dare ba zan sa mata shi ba.

USB-C ya fi ƙwari, ta kowace fuska aka soka ya shiga, amma a nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. A cikinsa akwai ƙafafu biyu, CC1 da CC2, kuma kan caji mai bakin C ba ya sakin wuta sam sai ya ga rezisto na 5.1k daga ƙafar CC zuwa negetif. Da yawa daga ƙananan bod masu arha, har da wasu TP4056 na cajin batirin 18650, an sa musu bakin C ba a sa waɗannan rezisto ba. Mai shago zai gwada maka da igiya mai babban kai irin na dā a ɗaya gefen, fitila ta kama, domin babban baki kullum a buɗe yake da volt 5. Ka kai ƙauye ka sayar, mai saye ya sa igiyar sabuwar wayarsa mai C gaba da baya, shiru. Gobe da safe yana ƙofar shagonka: "Malam, kayan nan fa matacce ka ba ni."

Saboda haka ka juya bod ɗin ka duba kusa da bakin. Kana neman ƙananan rezisto guda biyu, a jikinsu an rubuta 512 ko 5101. Biyu fa, kowace ƙafa da nata. Masu ƙera ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 sun haɗa ƙafafun biyu a kan rezisto ɗaya a fitowar farko ta 2019, sai ga shi igiyoyi masu ɗan cif a ciki, irin na manyan kwamfutocin cinya, sun ƙi ba shi wuta, dole aka gyara a bugu na gaba.

Cikin masu bakin C ma akwai mai ƙafa 6, mai 16 da mai 24. Mai 6 an yi shi ne don wuta kaɗai, babu layin data a jikinsa ko ɗaya, maganar fara da koriya ma ba ta taso ba, kuma ƙafafunsa da faɗi, dalma tana kamawa da ƙarfen like na yau da kullum. Shi nake zaɓa. Mai 24 sai da injin iska mai zafi, kuma kuɗin ƙafafun da ba ka buƙata za ka biya.

Sai yawan abin da bod ɗin ke ja. A ƙa'idar USB 2.0, na'urar da ba ta gabatar da kanta ga kwamfuta ba miliamfiya 100 aka yarje mata, wadda ta gabatar 500. A aikace yawancin kwamfutoci suna bari a ja wajen 500 ba tambaya, amma TP4056 yadda yake zuwa amfiya 1 yake nema, don haka a kan caji ko fawa bank ya dace da shi. Kafasitar da ke mashigar wuta ma kada ta wuce 10µF in za a soka a kwamfuta.

Wani zai ce ai ya ga ana ƙulle fara da koriya. Gaskiya ne, amma a ɓangaren mai ba da wuta. Ku masu sana'ar cajin waya da sola, da kuke sauke volt 12 na batir zuwa 5, wannan naku ne. Ƙa'idar caji ta USB, wato BC 1.2 ta 2010, ta ce caja ta haɗe D+ da D−, da haka waya ke gane za ta iya ja har amfiya 1.5. In an bar su a sake, wayoyi da yawa sukan tsaya a 500, waya ta wuni a kan tebur ba ta cika ba. Apple kuma nasa salon daban, yana son ganin wata wuta a kan layukan, misali volt 2.7 a kowanne don amfiya 2.4. Bod mai haɗaɗɗun layuka ya ishi teburin da yawancinsa Tecno da itel ne. In kana samun masu iPhone, nemi mai cif irin TPS2513, wanda ke sauya salo gwargwadon wayar da aka jona.

Ranar sayayya ka tafi da mita da igiyar C gaba da baya da cajarta. Bod mai sha, jona shi ka auna ko volt 5 ya fito. Mai bayarwa kuma, ba wuta a jikinsa, ɗora mita a ƙafafu biyun tsakiya na babban bakin, wato D− da D+: in ta yi ƙara a haɗe suke, in ba ta yi ba, ka nemi cif ko rezisto kusa da bakin kafin ka biya.