Baƙin yashin Gwarapari da gwiwar Baba

Yaya, gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya, kai da Baba da Inna da yara. Ya zafin bazara? Saƙonka ya iso, wanda ka ce in samo wa Baba baƙin yashin nan da ka gani a bidiyo ana binne tsofaffi a ciki saboda ciwon gwiwa. Ba zan aiko ba, kuma gara ka ji dalili daga bakina, kada a ɗauka kuɗin aike nake ji.

Yashin gaskiya ne. Yana nan Gwarapari inda nake, kilomita kamar 50 kudu da Vitoriya, a gaɓar tekun Birazil. Wurin suna ce masa Areya Fireta, wato baƙin yashi, kuma yana cikin inda nake zagayawa da tabarau da huluna tare da ƴan Senegal. In ka dumbuzo shi za ka ga ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa a cikin baƙin. Su ne monazit, kuma a cikinsu akwai toriyom, ɗan uwan yuraniyom ɗinmu na Arlit. Yana fitar da wani tiriri da ido ba ya gani, fata ba ta ji, hanci ba ya shinshinowa, amma yana ratsa jiki kamar hoton ƙirji na asibiti. Tun ƙarshen ƙarni na 19 jiragen ruwa ke kwasar yashin nan zuwa Turai, ana yin ragar fitilar gas da shi, farar nan mai haske in ta kama wuta. A shekarun 1930 wani likita, Silva Mello, ya yayata cewa yana magani, har garin ya samu laƙabin Garin Lafiya. Har yau ba a tabbatar da maganin ba. Abin da na gani da idona shi ne tsoho ya kwanta cikin yashi mai ɗumi ya tashi gaɓoɓinsa sun saki, wannan kuwa yashin Gulbin Maradi da hantsi ma zai yi wa Baba, kyauta.

Inna kuma an ce ta kwana tana tunanin ina tafiya kan guba. Ka karanta mata wannan sannu a hankali. Ana auna tiririn da ma'aunin da ake kira milisibat. Kowane ɗan Adam yana shan nasa daga ƙasa da duwatsu da iska da abinci, a Maradi ne ko a Makka, kuma matsakaicin duniya 2.4 ne a shekara. A wuraren da yashin ke da ƙarfi na'ura tana nuna kusan kashi 1 cikin 50 na milisibat a awa guda, wato ninki kamar 200 na ƙasar da aka saba. Jin adadin yana sa gaba ta faɗi. Amma lissafa: wanda ya shimfiɗa jikinsa a wurin awa 5 ya sha kwatankwacin hoton ƙirji ɗaya. Sai ya yi awa 120 kwance a daidai wurin kafin ya kai abin da zai sha a shekara a ko'ina. Ni ba kwanciya nake ba, wucewa nake, kuma ƙarfin ba ɗaya ba ne, taku kaɗan awon ya sauka. A Kerala ta Indiya, inda mutane ke gina gidaje kan irin yashin nan, an bi mutum kusan 70,000 fiye da shekara 10, sakamakon da ya fito a 2009 bai nuna ƙarin ciwon daji ba. Duk da haka masana suna aiki da ƙa'idar cewa kowane ƙari yana da ɗan haɗarinsa, shi ya sa buhun yashin nan a ɗakin Baba, jikoki suna wasa da shi suna kai hannu baka, ban yarda ba.

Abin da likitocin nan suka fi tsoro a bakin teku rana ce. Ciwon dajin fata shi ya fi kowane yawa a ƙasar, musamman ga fararen fata, shi ya sa huluna ke tafiya da sauri a hannuna.

Ka tambayi yadda zama yake. Asibitin gwamnati kyauta ne ga kowa har baƙo, tsarin mulkinsu na 1988 ne ya kafa haka. Akwai dogon layi, wani aikin sai an jira watanni, amma ba a cewa kawo kuɗi kafin a taɓa ka, kuma ka san abin da muka sha kafin a duba Inna bara. Wuta ba ta cika ɗaukewa ba, yawancinta daga madatsun ruwansu take, ba kamar mu da muke jiran ta Najeriya ba. Ciniki da waya ake yi, Pix suke ce masa, ko mai sayar da ruwan kwakwa yana karɓa. Garin rogo yana nan kamar namu, ƙosai ma akwai, mutanen jihar Bahiya ke soya shi da manja. Gero ne ba a ci, fura sai a mafarki, kilishi kuwa naman shanunsu duk yawansa ba wanda ya iya shi. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai awo ne. Ruwan da ake wanka a ciki ana ɗiba a gwada, a kafa allo a ce nan ya dace, nan bai dace ba. Yashin ma ƴan jami'a sun zo da na'ura sun auna, adadin yana rubuce kowa ya gani.

Nan ne hankalina ke komawa gida. A 1987 a garin Goyaniya na nan Birazil, masu tsintar tsofaffin ƙarafa suka fasa wata na'urar asibiti da aka yasar, suka ga gari mai shuɗin haske, suka rarraba wa dangi. Mutum 4 suka mutu, ciki har da yarinya ƴar shekara 6, aka duba fiye da mutum 100,000. Mu kuwa tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, kuma a 2009 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta auna ta samu ƙarafa masu tiriri a kasuwar garin, da wuraren da awo ya yi sama sosai a titunan Akokan da ke maƙwabtaka da shi. Ƙarfe kuwa ba ya zama wuri ɗaya, mota yake hawa.

Don haka ka ja kunnen babban ɗanka tunda ya shiga sayen tsofaffin ƙarafa. Bututu ko tukunya ko wani dunƙulen ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, in daga arewa ya fito, kada ya fasa, kada ya shigo da shi gida. In ya ga alamar nan mai kama da fanka mai fiffike uku a kan rawaya, ya ja da baya ya sanar da hukuma. Na aiko da abin da ya samu, a kai Baba likita ya duba gwiwar tun kafin damina ta sauka. A gaida Inna, a ce mata in sha Allahu zan kira ranar Juma'a bayan an sauko.