Makin Rotten Tomatoes da fim ɗin da na ƙi kallo tun 2016

Na daɗe ina duba Rotten Tomatoes, shafin intanet da ke tattara sharhin fina-finai ya ba su maki, kafin in kashe kuɗi ko data a kan kowane fim, kuma wannan ɗabi'ar ce ta hana ni kallon Batman v Superman a shekarar 2016. Makin da masu sharhi suka ba shi bai kai kashi 30 cikin ɗari ba, sai na yanke hukuncin cewa ɓata lokaci ne. A watan da ya gabata ne ƙanena, wanda ba ya ƙaunar a taɓa fina-finan DC, kamfanin da ya mallaki Batman da Superman, ya matsa mini lamba har na zauna na kalli doguwar sigar fim ɗin, wadda ta kai awa uku, wato ta ɗara wadda aka nuna a sinima da kusan minti 30.

Abin da na gani ya ba ni mamaki matuƙa. Na shirya wa shirme, sai na tarar da labari mai nauyi wanda ke tambayar yadda al'umma za ta yi da mutumin da babu hukumar da ke iya tanƙwara shi. Makircin da aka ƙulla wa Superman a hamadar Afirka ya fito fili, binciken da 'yar jarida Lois Lane ta yi yana da kai da gindi, Ben Affleck kuwa ya fito da Batman a matsayin dattijon da gajiya da fushi suka cinye. Da na kashe talabijin raina a ɓace yake, har na fara gaskata abin da ƙanena ya daɗe yana faɗa, cewa masu sharhi sun haɗa baki ne don su ɗaga Marvel, kamfanin da ke gogayya da DC, su danne DC. Ba shi kaɗai ba ne mai wannan zargi, domin a watan Agusta na 2016, lokacin fitowar Suicide Squad, wani fim na DC da shi ma masu sharhi suka kushe, har takardar koke aka buɗe a intanet ana neman a rufe shafin baki ɗaya.

Bayan kwana biyu, da zuciya ta huce, na koma na karanta yadda ake lissafa makin, a nan ne na gane cewa ni ne nake yi masa gurguwar fahimta tsawon shekaru. Lambar ba makin jarrabawa ba ce. Ana raba kowane sharhi ne gida biyu, na yabo ko na suka, sannan a ƙirga kashi nawa ne suka yaba, idan sun kai 60 a ba fim ɗin jan tumatir, alamar cewa ya samu karɓuwa. Ke nan idan masu sharhi ɗari duk suka ce fim ba laifi, ba tare da ko mutum ɗaya ya yi zumuɗinsa ba, zai iya tashi da kashi ɗari, alhali wanda rabi suka so shi ƙwarai rabi kuma suka tsane shi zai tsaya a 50. Fina-finan Zack Snyder, daraktan Batman v Superman, irin na biyun ne, masu raba kan jama'a, yawancin na Marvel kuwa an gina su ne yadda ba za su ɓata wa kowa rai ba.

Zancen haɗin baki kuma bai tsaya da ƙafarsa ba. A lokacin da ake wannan hayaniya, kamfanin Warner Bros., mai fina-finan DC ɗin kansa, yana da hannun jari a Fandango, kamfanin da ya sayi shafin a farkon 2016. The Dark Knight na 2008 da Wonder Woman na 2017 duk na DC ne, kuma kowannensu ya haura kashi 90, yayin da Eternals na Marvel ya kasa kai 50 a 2021. Dole kuma in yi adalci, masu sharhin gajeriyar sigar suka gani, ba wadda na kalla ba. Ni ma da na sake tunani, wurin da faɗan jaruman biyu ya mutu nan take saboda sunan iyayensu mata ya zo ɗaya, wato Martha, har yanzu bai kwanta mini ba, kuma dodon da aka jefo a ƙarshe surutu ne kawai da walƙiya.

Duk da haka haushina bai gama tafiya ba. Da na bi sharhin ɗaya bayan ɗaya, sai na ga ƙorafi guda yana ta maimaituwa, cewa fim ɗin ya yi duhu kuma ba ya ba da dariya, kamar dai an wajabta wa duk mai sanye da alkyabba ya yi barkwanci. Ban kira wannan ƙiyayya ga wani kamfani ba, amma son wani salo ne da ya yi rinjaye, kuma lamba ɗaya ba ta iya nuna shi. Makin masu kallo ma ba mafaka ba ne, tunda ruwan suka da aka yi wa Captain Marvel tun kafin ya fito a 2019 ya sa shafin ya fara tantance waɗanda suka sayi tikiti. Har yanzu ina buɗe shi, sai dai yanzu nakan wuce lambar in nemi sharhi biyu, na wanda ya yaba da na wanda ya kushe. Ƙanena kuwa ya ce saura Justice League mai awa huɗu, na ce masa sai an yi hutu.